Faɗa Tsakanin 'Yan Wasa A RuneScape: Dalilin Rushe Fagen Duel Arena Da Darasin Da Ke Ciki Ga Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

A shekarar 2022 kamfanin Jagex da ke birnin Kambirij na ƙasar Ingila ya rushe wani fage da ke cikin wasansa na intanet mai suna RuneScape. Sunan fagen Duel Arena, wato wurin da mutum biyu suke karawa da juna. An cire shi daga sabon samfurin wasan a watan Janairu, sannan aka cire shi daga tsohon samfurin, wanda ake kira Old School RuneScape, a watan Yuli. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne fagen ya zama matattarar damfara da cinikin zinaren wasa da kuɗin gaske. Su kuwa 'yan wasan tun da daɗewa suka laƙaba masa suna mai ma'anar gidan cacar rairayi, saboda yana cikin wani ƙagaggen garin hamada da ake kira Al Kharid.

Iyaye da dama idan suka ga yaro yana irin wannan wasa, abin da yake fara ɗaga musu hankali shi ne takobi da sara da kisa da suke gani a fuskar waya. Damuwarsu tana bisa hanya. Sai dai labarin wannan fage ya nuna cewa akwai abin da ya fi hoton takobi nauyi a ma'aunin shari'a, shi ne abin da aka zuba kafin a fara faɗan, da kuma wanda zai tafi da shi bayan an gama. Tun watan Oktoban 2018 aka saki Old School RuneScape a wayoyin hannu, kuma tsarin da za mu bayyana yana nan a wasanni masu yawa irinsa, don haka batun ya shafi duk gidan da ke da waya da intanet.

Yadda wasan yake

'Yan'uwa biyu, Andrew Gower da Paul Gower, su suka fito da RuneScape a watan Janairun 2001. Ɗan wasa yana buɗe asusu, a ba shi jarumi, ya shiga wata ƙagaggiyar duniya mai birane da dazuzzuka da dodanni, inda zai tarar da dubban mutane na gaske kowa da nasa jarumin. Zai yi saran itace, ya yi su, ya haƙo ma'adinai, ya kashe dodanni, a hankali yana tara zinare da makamai da sulke. Wasu kayan sai an shafe ɗaruruwan sa'o'i kafin a mallake su.

Faɗa a wasan iri biyu ne. Akwai faɗa da dodannin da kwamfuta take sarrafawa, akwai kuma faɗa tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa. Na biyun shi ne abin da muke magana a kai, kuma wurare biyu suka fi shahara da shi.

Na farko shi ne Wilderness, wani makeken daji a arewacin taswirar wasan. Duk wanda ya ƙetara iyakarsa ya yarda cewa wasu za su iya far masa. Iya zurfin da ya yi a ciki, iya yawan waɗanda ke da damar kai masa hari, kuma idan ya wuce wani mataki hanyoyin ɓacewa nan take ba sa aiki. Idan aka kashe shi, a ƙa'idar asali kaya uku mafi tsada ne kawai za su saura masa, sauran su zama ganimar wanda ya kashe shi. Idan kuwa shi ne ya fara kai hari, alamar ƙoƙon kai za ta bayyana a saman jaruminsa, in ya mutu da ita ya rasa har waɗannan ukun. Kamfanin ya zuba dodanni da albarkatu masu riba a cikin dajin da gangan, domin masu neman arziki su shiga, mafarautan mutane kuma su same su a can.

Na biyu shi ne fagen da aka rushe. A nan mutum biyu ne za su tsaya, kowa ya zuba zinare ko kaya, su amince da sharuɗɗa, wanda ya yi nasara ya kwashe duka. Salon da ya fi yaɗuwa shi ne a cire sulke, a hana cin abincin da ke mayar da ƙarfi, kowa ya riƙe makami iri ɗaya. To idan jaruman biyu ƙarfinsu ɗaya, ba abin da ya rage na gwaninta sai kaɗan. Kwamfuta ce take fitar da lambar kowane sara bisa sa'a, kamar yadda ake jefa ƙwayar lido. Da suna faɗa ake yi, a haƙiƙa kuwa ƙuri'a ake jefawa a kan dukiya.

Shin zinaren wasa dukiya ne?

Wani zai ce ai wannan zinaren ba na gaske ba ne, lambobi ne kawai a cikin kwamfuta, ina ruwansa da hukuncin caca? Tarihin wasan da kansa ya amsa wannan tambaya.

A ranar 10 ga Disamban 2007 Jagex ya dakatar da faɗa tsakanin 'yan wasa a dajin Wilderness, ya kuma ɗaure cinikayya tsakaninsu. Dalili shi ne masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske sun cika wasan, wasunsu suna biyan kuɗin rajista da katunan banki na sata. Dajin yana cikin hanyoyin da suke miƙa kaya: mai sayarwa zai ɗauki zinaren ya tsaya, mai saye ya kashe shi ya kwashe. 'Yan wasa sun yi bore a kan wannan mataki, har a farkon 2011 aka kaɗa ƙuri'a, mutum sama da miliyan ɗaya suka shiga, kashi 91 cikin ɗari suka nemi a dawo da tsohon tsari. Aka dawo da shi a watan Fabrairun wannan shekarar.

A ranar 31 ga Janairun 2012 kotun ƙoli ta ƙasar Holand ta yanke hukunci a kan wasu samari da suka doki wani yaro ɗan shekara 13, suka yi masa barazana da wuƙa, suka tilasta shi ya miƙa musu wata laya da wani abin rufe fuska na cikin RuneScape. Lauyan wanda ake tuhuma ya ce kayan ba su da samuwa, don haka ba za a ce an sace su ba. Kotun ta ce sata ce, domin kayan suna da daraja wadda ta samo asali daga lokaci da wahalar da yaron ya sha kafin ya same su.

Daga baya kamfanin da kansa ya buɗe ƙofa tsakanin kuɗin gaske da na wasa. Ya fito da wata takardar shaida da ake kira Bond, a 2013 a sabon samfurin, a 2015 a tsohon. Mutum zai saye ta da kuɗi a hannun kamfanin, ya sayar wa wani ɗan wasa ya karɓi zinare, shi kuma wancan ya biya kuɗin rajistarsa da ita. Ke nan zinaren yana da farashi sananne ko ba a je kasuwar bayan fage ba.

Sai kuma abin da ya faru a Benezuwela. Lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, kuɗinta ya rasa daraja, mutane da yawa sun koma tara zinare a Old School RuneScape suna sayarwa da dala domin su ciyar da iyalansu. Da aka yi gagarumin ɗaukewar wutar lantarki a ƙasar a watan Maris na 2019, sai da farashin wasu kayayyaki ya motsa a kasuwar cikin wasan.

Abin da kotu ta kira sata idan an ƙwace shi, ake saya da kuɗi, ake ciyar da iyali da shi, yana da wuya a ce ba shi da ƙima. Jumhurun malaman fiƙihu suna lura da al'adar mutane wajen gane abin da ake kira dukiya, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa a mu'amala ana duba haƙiƙar abu da manufarsa, ba sunan da aka sa masa ba. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan halaccin saye da sayar da kayan cikin wasanni, amma wannan saɓanin daban ne da batun zuba su a yi caca.

Ma'aunin shari'a

Musulunci bai hana karawa ta wasa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Annabi (SAW), shi kuma ya bar Nana A'isha (RA) tana kallo. An ruwaito cewa ya yi tsere da ita, an kuma ruwaito kokawarsa da Rukana. Don haka kasancewar mutum biyu suna gwada ƙwazo ba shi ne abin zargi ba. Abin dubawa shi ne me ya raɓi wasan. Idan muka auna faɗan 'yan wasa da wannan ma'auni, za mu same shi hawa uku.

Hawa na farko shi ne wanda kowane ɓangare zai zuba wani abu mai ƙima, wanda ya ci ya kwashe. Wannan ita ce surar caca kamar yadda malamai suka siffanta ta: kowa ya shiga yana tsakanin ya ci ko a cinye shi, bisa sakamakon da ba wanda ya san shi. Allah Maɗaukakin Sarki Ya haramta ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, inda Ya haɗa ta da giya da gumaka, Ya bayyana cewa Shaiɗan yana amfani da ita wajen jefa gaba da ƙiyayya, da kange mutane daga ambaton Allah da salla. Gwaninta ba ta canza hukuncin, domin malamai sun haɗu a kan haramcin shaɗaranji idan an zuba kuɗi, alhali wasa ne na tunani. Hadisin Abu Huraira (RA) da Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito ya taƙaita sa lada a gasa ga harbi da tseren raƙuma da na dawaki. Ko a waɗannan ukun ma, abin da Ibn Abi Zaid ya kawo daga Imam Malik a cikin Risala shi ne mutum ɗaya ne zai fitar da ladan, kuma idan shi ya yi nasara ba zai mayar da shi aljihunsa ba. Idan an tsananta haka a gasar da ke horar da mutum ga kare al'umma, ina ga karon jarumai biyu na cikin kwamfuta?

Ko da wani ya dage cewa zinarensa bai taɓa fita daga wasan ba, ya tuna hadisin da ke Bukhari da Muslim wanda ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka. Gayyata kawai ke nan, ba a kai ga yi ba. Yaron da ya saba da zuba miliyoyin zinare yana jiran sa'a, zuciyarsa ta riga ta koyi ɗanɗanon caca tun kafin ya riƙi kuɗin kansa.

Hawa na biyu shi ne faɗan dajin Wilderness. Wannan yana buƙatar rarrabewa. Idan mutum biyu suka yi alkawari kowa ya ɗauko kaya na wani adadi, a kara har sai ɗaya ya mutu, wanda ya rayu ya kwashe, to wannan hawa na farko ne aka sauya masa wuri. Haka nan wanda ya sayi makamansa da kuɗi ya shiga farautar mutane da niyyar sayar da ganimar, ya sa dukiyarsa tsakanin ci da asara. Wanda kuwa ya ratsa dajin da kayan da ba su taka kara sun karya ba, babu kuɗin gaske a shigarsa ko fitarsa, lamarinsa ya fi sauƙi, duk da cewa bai kuɓuta daga shubuha ba, domin tsarin wurin an gina shi ne a kan ribar wani ita ce asarar wani.

Hawa na uku shi ne karawar da ba a zuba komai, ba a rasa komai. Misalinta sabon fagen da Jagex ya maye gurbin tsohon da shi a Old School RuneScape: ana haɗa ɗan wasa da tsaransa, a ba kowa kayan faɗa na aro, wanda ya ci ya sami maki. Wannan ya fita daga babin caca ya koma babin sauran wasanni, sai a duba shi da sharuɗɗansu: kada ya ci lokacin salla, kada ya tauye haƙƙin iyaye ko iyali ko karatu ko sana'a, kada kuma ya ƙunshi abin da aka haramta.

Wanda ke ɗaya ɓangaren mutum ne

Babban bambancin da ke tsakanin kashe dodo da kashe ɗan wasa shi ne bayan jarumin nan akwai mutum mai rai, mai jin haushi da baƙin ciki. A cikin wasan akwai sananniyar dabara ta janyo mutum: a yi abota da shi, a yi masa alkawarin kyauta ko ciniki mai riba, a ja shi zuwa inda za a iya kai masa hari yana ɗauke da kayansa masu tsada, abokan mayaudarin su fito su kashe shi. Akwai kuma dabarar sa mutum ya kai hari bisa kuskure domin alamar ƙoƙon kai ta hau kansa ya rasa komai. A tsohon fagen ma an sha sauya sharuɗɗa ko rage abin da aka zuba a daƙiƙar ƙarshe kafin abokin karawa ya lura.

Masu yin haka sukan ce ai wasa ne, ko su fake da cewa an halatta dabara a yaƙi. Rangwamen da shari'a ta yi a fagen yaƙi na gaske ba ya sauka a kan wanda ka kira aboki ka yi masa ƙarya don ka kwashe abin da ya tara. Hadisin da ya barranta daga mai algus yana cikin Sahihu Muslim. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke igiyar wani yana barci don raha, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya hana tsorata Musulmi. Kasancewar abokin karawar ba Musulmi ba ne bai halatta yaudara da zagi ba.

A 2017 wani ya wallafa jagora a intanet a kan yadda za a gane 'yan Benezuwela masu farautar korayen dodanni a dajin Wilderness, a kashe su, a kuma zage su da harshensu. Gaskiya ne sayar da zinaren ya saɓa dokar kamfanin, kuma Musulmin da ya amince da sharaɗi lokacin buɗe asusu ya kamata ya cika shi. Amma wannan lamari ya nuna inda ɗabi'a take zuwa idan aka saba da ganin mutum a matsayin ganima: wani yana dariya a ɗakinsa, wani ya rasa abincin yininsa.

Gumaka da sihiri

Akwai wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba. Wasan yana da ƙagaggun alloli, mafi shahara Saradomin da Zamorak da Guthix. Cikin fannonin da jarumi yake ƙwarewa akwai wanda aka sa wa suna addu'a, ana ƙara shi da binne ƙasusuwa, ana sabunta ƙarfinsa a gaban bagadi, kuma kusan ba a faɗa tsakanin 'yan wasa sai da shi. A Old School RuneScape akwai wata alkyabbar masu sihiri da ake samu a cikin dajin, wadda sai jarumi ya yi addu'a a gaban gunkin ɗaya daga cikin allolin nan uku ake ba shi. Ba mu cewa duk wanda ya danna wannan ya ƙudurce shi a zuciya, hukunta mutum da fita daga addini lamari ne mai nauyi da ke da sharuɗɗa. Sai dai malamai da yawa na wannan zamani sun yi fatawar nisantar wasannin da ke sa ɗan wasa ya kwaikwayi bautar wanin Allah ko ya girmama sihiri, domin abin da ido ya saba gani zuciya takan daina ƙyamarsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai kishin tauhidinsa ya nemi wani wasan.

An kashe maciji ba a sare kansa ba

Rushe fagen bai kawo ƙarshen cacar ba. Tun a 2013 kamfanin ya hana wasannin sa'a da 'yan wasa suke shiryawa a tsakaninsu, sai masu yi suka tattaru a fagen. Ya sa haraji a kan abin da ake zubawa, a ƙarshen 2021 ya taƙaita shi zuwa zinare miliyan 10, daga baya ya rushe wurin ɗungurungum. Masu caca suka koma yin alkawarin karawa har mutuwa a wuraren da aka yarda da faɗa, wasu suka koma shafukan waje da ke karɓar zinaren wasa a matsayin kuɗin caca. A sabon samfurin kuma, cikin 2022, an mayar da faɗan dajin ya zama na ganin dama, sai wanda ya zaɓa ake kai wa hari.

Darasin a bayyane yake. Kamfani yana gyara ne gwargwadon abin da zai kare kasuwancinsa da sunansa, ba shi da alhakin kare addinin ɗanka. Shamakin da yake bin mutum duk inda cacar ta koma shi ne sanin hukuncinta da tsoron Allah.

Abin da ya kamata a yi

Uba ko uwa da ke son sanin halin da ɗansu yake ciki, ya fi amfani su zauna da shi cikin natsuwa su yi masa tambayoyi huɗu. Idan an ci ka, me kake rasawa? Idan ka ci, me kake ɗauka, kuma daga hannun wa? Ka taɓa sa kuɗi ko ka karɓi kuɗi saboda wasan? Idan aka kira salla kana tsakiyar faɗa, za ka iya ajiyewa? Ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin irin wannan wasa ba a tsayar da shi, kuma a RuneScape ba a barin mutum ya fita yana tsakiyar faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamominta su ne kasa sarrafa kai, da fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da yi duk da cutarwar da ake gani.

Wanda ya riga ya faɗa cikin zuba zinare, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurce ba zai koma ba, kada ya ce sai ya fanshe abin da aka cinye masa, domin wannan tunanin shi ne igiyar da ke riƙe mai caca. Abin da ya karɓa ta hanyar yaudara ya mayar wa mai shi idan ya san shi. Abin da ya ci a caca kuwa kada ya amfana da shi, ya tuntuɓi malami amintacce a kan yadda zai rabu da shi, musamman idan ya riga ya mayar da shi kuɗi.

Muna roƙon Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga cin dukiyar mutane da ɓarna, Ya sanya albarka a lokutanmu.

Allah ne Mafi sani.